Muhawara: in bar na'ura ta riƙa tura sabuwar siga zuwa PyPI, ko in ci gaba da hannuna?

Mai_Ƙunshi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wani ƙaramin ƙunshi (package) na Python a PyPI, shafin da masu Python ke sauke ƙunshi daga ciki, da nake kula da shi shekara uku ke nan. Aikinsa karanta fayilolin CSV da daidaita kwanan watan da aka rubuta a karkace. Ba babba ba ne, amma akwai waɗanda suka jingina aikinsu a kansa. Tun farko da hannu nake sakin kowace siga: in canza lamba a `pyproject.toml`, in yi `python -m build`, in yi `twine upload dist/*`, sannan in sa tag, wato alamar siga, a git in tura.

Daren Talata na gyara wani kuskure, na gina, na tura, na kwanta. Da safe na tarar da saƙo uku, duk magana ɗaya: ko `import` ba ya wucewa. Ashe wani sabon babban fayil (folder) da na buɗe ban sa shi cikin jerin abin da ke shiga ƙunshin ba. A kwamfutata yana nan, don haka gwaji ya wuce lafiya lau. A wurin mutane kuwa babu shi. Cikin ruɗewa na goge sigar daga PyPI, na gyara, na zo in sake turawa da lambar nan dai, sai ya ƙi, wai an taɓa amfani da sunan fayil ɗin. Dole na ƙara lamba.

Wallahi abin ya tsaya min a rai, don mutum ɗaya ya ce aikinsa na safiya gaba ɗaya ya tsaya saboda ni. Da na koma ina bincike kuma sai na ga sigogi biyu na baya ma ban sa musu tag ba, yanzu ban san takamaiman komit ɗin (ajiyayyen canji a git) da na gina su daga kai ba. Tambayata: in miƙa wa GitHub Actions, tsarin GitHub mai gudanar da ayyuka da kansa, wannan aikin gaba ɗaya? Kuma in zan miƙa, har ina zan tsaya?

Dattijon_Unix:
Wa alaikumus salam ɗana. Sannu da wannan dare. Amma bari in faɗa maka abin da ƙila ba shi kake son ji ba: ba hannunka ne ya cuce ka ba, rashin gwada abin da ka gina ne. Da ka buɗe sabon muhalli mai tsabta, ka saka wheel ɗin, wato fayil ɗin ƙunshin da ka gina, a ciki, ka yi `import` sau ɗaya, da a nan za ka gani. Minti ɗaya ne. Na'ura ba za ta ba ka wannan hankalin ba. In ka koya mata tsarin da ke da rami, za ta riƙa faɗawa ramin kullum, cikin sauri, kana barci.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna. Don ta tura a madadinka sai ka ba ta mabuɗin asusunka ta ajiye a kwamfutar da ba taka ba. Ka tuna abin da ya faru da Codecov, kamfanin da ke auna yawan abin da gwaji ya taɓa, a 2021: an sauya rubutun da mutane ke saukewa su gudanar a cikin tsarin gwajinsu, ya yi wata biyu yana kwashe sirrin da ke cikin muhallin aiki yana aikawa waje kafin a farga. Duk wanda ya ajiye mabuɗin turawa a wurin sai da ya canza shi. Ni nawa mabuɗin yana kwamfutata, na san inda yake kwana.

Hajiyar_Rust:
Baba, maganarka ta farko na karɓe ta hannu bibbiyu. Ta biyun kuwa zamani ya ɗan wuce ta. Tun Afrilun 2023 PyPI ya kawo tsarin amintaccen mai turawa, wanda ba a ajiye mabuɗi ko ɗaya a ko'ina. Ga yadda yake: kana shiga shafin ƙunshinka a PyPI, ka rubuta sunan mai rumbun (repository) na GitHub, sunan rumbun, da sunan fayil ɗin aikin da ka yarda ya yi turawa, misali `release.yml`. Lokacin da aikin ya tashi, GitHub zai ba shi wata takardar shaida mai sa hannu, ta ƙa'idar shaida da ake kira OIDC, da ke cewa wannan aikin daga rumbu kaza ya fito, daga fayil kaza. PyPI ya duba sa hannun, in ya yi daidai da abin da ka rubuta sai ya ba shi mabuɗin wucin gadi da ke mutuwa bayan minti 15. Babu abin da ɓarawo zai tarar a ajiye. Abin da kawai za ka sa a fayil ɗin shi ne izinin `id-token: write`, sai ka kira `pypa/gh-action-pypi-publish`. Daga baya sun ƙara GitLab da wasu. A 2025 npm na JavaScript da crates.io na Rust ma sun bi sahu.

Kuma Baba, mabuɗin da ke kwamfutarka, a fayil ɗin `.pypirc` yake zaune a rubuce ƙarara. Duk wani ƙunshi da ka saka don gwaji zai iya karanta shi.

Dattijon_Unix:
Wannan gaskiya ne 'yata, ban musa ba. Amma kin ɗauke amanar daga fayil ɗin da ke hannuna kin ɗora ta a kan kamfani guda. Duk wanda ya iya taɓa `release.yml` ya zama shi ne mai turawa.

Hajiyar_Rust:
Haka ne, kuma za mu zo kan yadda ake kulle wannan ƙofar. Amma bari in faɗi dalilin da ya sa ni nake ganin gini a kwamfutar mutum ɗaya ya fi haɗari, ba don sata kaɗai ba.

Ku tuna xz, manhajar matse fayiloli da Linux ke amfani da ita. A ƙarshen Maris 2024 Andres Freund ya lura shiga ta SSH na cin ƙarfin na'ura fiye da kima, akwai jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya gano an dasa ƙofar baya a sigogi 5.6.0 da 5.6.1. Abin da ya shafe mu a nan: ɓangaren da ke kunna mugun abin, wani rubutun gini da aka sauya, ba ya cikin git. Yana cikin dunƙulallen fayil ɗin da mai kula da aikin ya haɗa da hannunsa ya saki. Mutane na karanta git suna ganin kamar lafiya, alhali abin da ake rabawa daban ne. Wannan tazarar da ke tsakanin abin da ke git da abin da ya isa hannun jama'a, ita ce ta cije ɗan'uwanmu Mai_Ƙunshi ma, sai dai shi bisa kuskure ne. Kwamfutarsa na ɗauke da abin da ƙunshin ba ya ɗauke da shi. In na'ura ce ta ɗauko tag ɗin a sabon wuri fayau, ta gina, ta saka abin da ta gina, ta gwada, to abin da ta tura ana iya bin sawunsa har zuwa komit ɗin da ya haife shi. Tun ƙarshen 2024 ma PyPI na karɓar shaidar asali mai sa hannu tare da kowane fayil, bisa ƙa'idar Python mai suna PEP 740, kowa na iya dubawa ya ga daga wane rumbu aka gina.

Ɗalibin_JS:
Anti kin gama magana. Ni a ganina ma tag ɗin da hannu ɓata lokaci ne. A npm muna da semantic-release. Kana rubuta saƙon komit da tsari: `fix:` ya ɗaga lamba ta uku, `feat:` ya ɗaga ta tsakiya, in ka rubuta `BREAKING CHANGE` ya ɗaga ta farko. Da zarar an haɗe aiki cikin babban reshe, shi zai lissafa lambar, ya rubuta jerin canje-canje, ya sa tag, ya tura. Ba ka taɓa komai. Gyara ya shiga da rana, kafin la'asar yana hannun mutane. Yaya Mai_Ƙunshi, akwai irinsa na Python, ka sa kawai ka huta.

Dattijon_Unix:
To ka ji irin abin da nake gudu. Yaro, wa ya gaya wa na'urar cewa gyaran nan bai karya wa wani aiki ba? Kalmar da ka rubuta da ƙarfe ɗaya na dare ita ce hujjarta kaɗai.

Ɗalibin_JS:
Baba ai gwaji na gudana kafin a haɗe.

Dattijon_Unix:
Gwajin da kai ka rubuta, kan abin da kai ka hango. Lambar siga alkawari ce tsakaninka da wanda bai san ka ba. In ka ce 2.4.1 bayan 2.4.0, ka ce masa ne ya ɗauka ido rufe, babu abin da zai canza masa. Shi kuma ya rubuta `^2.4.0` a fayil ɗinsa saboda ya yarda da kai, don haka na'urarsa za ta jawo sabuwar ba tare da ta tambaye shi ba. Na taɓa ganin an gyara wani aiki da ke mayar da jeri marar komai aka sa ya riƙa mayar da `None`. A idon wanda ya gyara, kuskure ya gyara, `fix:` ya rubuta da zuciya ɗaya. A wurin masu amfani kuwa duk madaukin da ke zagaya sakamakon ya faɗi. Wannan hukuncin, na cewa canjin nan ƙarami ne ko babba, sai mutum ya zauna ya tuna masu amfani. Ban yarda a bar wa kalma ɗaya a saƙon komit ba.

Hajiyar_Rust:
A nan ina bayan Baba. Ƙanena, ba wai semantic-release ba shi da wuri ba. In ƙunshin na cikin gida ne, ku ne masu yi ku ne masu amfani, kuma kuna da mai duba kowane saƙon komit, yana aiki. Amma ga abin da aka saki wa duniya akwai tsaka-tsaki. release-please na karanta saƙonnin nan dai, amma ba ya turawa. Yana buɗe buƙatar haɗewa da ke ɗauke da lambar da yake shawara da jerin canje-canjen, ta zauna tana taruwa. Ranar da ka shirya ka karanta, in ka ga ya ce ƙaramin gyara alhali ka san babba ne ka gyara lambar, sannan ka haɗe. Changesets ma kusan haka yake, sai dai shi mai kawo canjin ne ke rubuta ɗan fayil yana faɗin girman canjin nasa. Lissafi da rubutu na na'ura, cewa "yau za a saki" naka.

Dalilin da ya sa nake nacewa: wannan matakin ba ya komawa baya. Magana zarar bunu ce. A crates.io galibi sigar da ka tura ta zauna ke nan, `cargo yank` kawai za ka iya, wato sababbin ayyuka su daina zaɓenta amma wanda ya riga ya kulle ta a `Cargo.lock` ya ci gaba da samu. A npm lambar da aka taɓa amfani da ita ba ta sake amfani har abada, ko an cire ta.

Mai_Ƙunshi:
Anti, wato ni ma da ban goge ba?

Hajiyar_Rust:
Da janyewa ka yi. PyPI na da shi tun PEP 592, maɓallin na nan a shafin sigar, har da wurin rubuta dalili. pip, mai saka ƙunshin Python, zai tsallake ta sai ga wanda ya nemi lambar takamaimai da `==`, shi ma zai ga gargaɗi. A naka yanayin da ƙunshin ba ya ma buɗewa, gogewar ba ta cutar da kowa ba. Amma kada ta zama maka ɗabi'a. Abin da ya faru da left-pad a Maris 2016 ke nan: mai shi ya cire ƙunshi mai layi 11 daga npm, gini ya tsaya a ayyuka da yawa har da masu dogara da Babel. Bayan nan ne npm ya ƙuntata cirewa. Yanzu awa 72 ne, shi ma in babu ƙunshin da ya dogara da naka, bayan nan sai da sharuɗɗa.

Malam_Tsaro:
Na daɗe ina karantawa. Hajiya, kada a bar Mai_Ƙunshi ya tafi da tunanin cewa da ya kunna amintaccen mai turawa ya tsira. Tsoron da Baba ya faɗa ya riga ya faru a zahiri.

Disamba 2024, ƙunshin Ultralytics. Suna amfani da wannan tsarin, ba da hannu suke turawa ba. Amma suna da wani aiki da ke tashi idan baƙo ya buɗe buƙatar haɗewa, yana gudana da izinin rumbun, kuma yana ɗaukar sunan reshen baƙon ya zuba shi kai tsaye cikin umarnin shell. Sai maharin ya sa wa reshensa suna wanda shi kansa umarni ne. Ta nan ya gurɓata ma'ajiyar wucin gadi (cache) da ayyukan ke rabawa, aikin sakin ya ɗebo gurɓataccen abu ya gina. Sigogi 8.3.41 da 8.3.42 suka fita ta halastacciyar hanya, ɗauke da manhajar haƙar kirifto. Ba da sataccen mabuɗi aka tura ba a wannan zagayen, na'urar da kanta aka yaudara.

Sai Maris 2025, `tj-actions/changed-files`, wani shiryayyen aikin GitHub Actions wanda dubban rumbuna ke kira. Aka karkatar da tag-tag ɗinsa suka koma nuni ga wani mugun komit da ke zazzage sirrin aiki cikin bayanan da aikin ke bugawa, inda kowa zai iya karantawa in rumbun a buɗe yake. Wanda ya rubuta `@v45` ya ɗauka abu tsayayye ya kira, alhali tag ana iya matsar da shi. Wanda ya kulle da cikakkiyar lambar komit, mai haruffa 40, abin bai taɓa shi ba.

Don haka in za ka yi, ɗan'uwa, ga abin da ba zan sassauta a kai ba. Ka raba gini da turawa gida biyu. Aikin gini shi ke gudanar da gwaji da duk kayan wasu, kada ka ba shi `id-token` sam. Aikin turawa kada ya gina komai, kada ya saka komai, ya ɗauko fayilolin da aka gama kawai ya miƙa. Matakai biyu sun ishe shi. Kada aikin saki ya taɓa ma'ajiyar wucin gadi, minti biyun da za ta rage maka ba su kai ba. Kowane aikin wani da ka kira ka kulle shi da lambar komit, Dependabot zai riƙa kawo maka sabuntawa ka duba. Sannan `pull_request_target`, wato abin da ya tayar da aikin nan na Ultralytics da izinin rumbun, in ba ka san dalilin da ya sa kake buƙatarsa ba, ba ka buƙatarsa.

Dattijon_Unix:
Allah ya yi maka albarka. Ka ga an gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan.

Malam_Tsaro:
A'a Baba, ban kai nan ba. A Satumba 2025 ta ɗaya hanyar aka shigo: aka aika wa mai kula da `chalk` da `debug` saƙon bogi kamar daga npm, ya shigar da bayanansa, aka tura gurɓatattun sigogi da asusunsa. A Satumbar nan dai tsutsar Shai-Hulud ta riƙa kwashe mabuɗan npm daga kwamfutocin mutane tana tura kanta cikin ƙunshinsu. Hannu ma ba mafaka ba ne. Bambancin da nake gani shi ne, fayil ɗin aiki a rubuce yake, ni da kai za mu iya karanta shi mu ce ga tsagar nan. Abin da mutum ke yi a kwamfutarsa da dare babu mai iya duba masa.

Kuma akwai abin da zai kwantar maka da hankali. A GitHub kana iya ƙirƙirar muhalli, ka kira shi `pypi`, ka ce sai wane ya amince kafin duk wani aiki ya shige shi, kuma tag mai fara da `v` kaɗai aka yarda. Ka rubuta sunan muhallin a PyPI ma. To ko an taɓa `release.yml`, aikin zai zo bakin ƙofa ya tsaya yana jira, saƙo ya zo maka. Ga rumbun da ke buɗe kyauta ne.

Dattijon_Unix:
To wannan na ji shi. In dai akwai inda zai tsaya sai mutum ya ce wuce, rabin rigimata ta ƙare. Sauran rabin: kada danna maɓallin ya zama al'ada irin ta wanda ke sa hannu a takarda bai karanta ba. Kafin ka danna, ka buɗe jerin fayilolin da ke cikin ƙunshin ka gani da idonka. `unzip -l` a kan wheel, `npm pack --dry-run`, `cargo package --list`. Ka sa aikin ginin ya buga jerin, ya zama yana gabanka. Nan ne za ka ga fayil ɗin da ya ɓace, nan ne kuma za ka ga `.env`, fayil ɗin sirri, da ya shiga bai kamata ba.

Mai_Windows:
Ku yi haƙuri in shigo da nawa, tunda duk kuna maganar rumbun da kai ke turawa kai tsaye. Ni manhajar layin umarni nake rabawa ta winget na Windows da Homebrew na Mac, kuma can labarin daban ne. Ba ka tura manhajar, bayaninta kake turawa: ga adireshin saukewa, ga tambarin SHA-256 na fayil ɗin. A winget fayilolin YAML ne da ke shiga rumbun `microsoft/winget-pkgs` ta buƙatar haɗewa, `wingetcreate update` na haɗa maka su. A Homebrew `brew bump-formula-pr`. Daga nan sai ka jira binciken su da masu dubawa, ba kai ke da ranar fita ba.

Abin da ya taɓa ƙona ni: na saki siga, aikin ya lissafa tambari ya buɗe buƙata, sai na ga ɗan kuskure a fayil ɗin sakawa, na sake ginawa na maye gurbinsa a adireshin nan dai. Tambari ya canza, duk mai sakawa ya riƙa samun ƙin yarda. Tun ranar na ɗauki doka, fayil ɗin da aka saki ba a taɓa shi, sabuwar lamba ake yi. Kuma in da hali ku ɗora dunƙulallen fayil ɗinku da kanku a shafin sakin, kada ku dogara da wanda GitHub ke haɗawa nan take. A ƙarshen Janairu 2023 sun sabunta git a wurinsu, yadda ake matse fayilolin ya canza, tambarin ya sauya alhali abin da ke ciki bai canza ba, gini ya karye wa masu amfani da manhajar gini ta Bazel da wasu da dama har sai da suka mayar da canjin.

Ɗalibin_JS:
To Yaya, kai a wurinka mai dubawa na can ɓangaren, ba sai ka tsaya amincewa ba.

Mai_Windows:
Su suna duba ko fayil ɗin na sakuwa kuma ba ya ɗauke da cuta. Ko manhajar na yin abin da na ce tana yi, wannan nawa ne.

Mai_Ƙunshi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya da daddare na zauna na haɗa, a TestPyPI, shafin gwaji na PyPI, tukuna kamar yadda ake ba da shawara. Na cire lambar siga daga `pyproject.toml` na sa setuptools-scm ya riƙa ɗaukowa daga tag, don kada su sake saɓawa. Amma abu biyu sun tsayar da ni. Na farko, da na gwada ta da aikin da hannu daga babban reshe, lambar da ta fito wata iri ce, `0.1.dev1` da alamar tarawa da wasu haruffa a baya, TestPyPI ya ƙi karɓa. Na biyu, na sa release-please, ya sa tag lafiya, amma aikin sakin da ke jiran tag bai motsa ba ko kaɗan.

Hajiyar_Rust:
Duka biyun kowa ya taka su. Na farko: `actions/checkout` komit ɗaya tak yake ɗaukowa in ba ka ce komai ba, babu tarihi babu tag, sai setuptools-scm ya rasa abin kamawa ya ƙirƙiro wannan lambar. Sa `fetch-depth: 0`. Abin da ke bayan alamar tarawa kuwa alamar siga ce ta cikin gida, PyPI ba ya karɓarta, kuma za ta riƙa fitowa duk lokacin da komit ɗin da kake ginawa ba shi ne mai tag ba. Alheri ne, ta hana ka tura abin da ba a sa wa tag ba.

Na biyu da gangan GitHub ya yi. Abin da aiki ya aikata da `GITHUB_TOKEN` ba ya tayar da wani aikin, don kada su riƙa tayar da juna ba iyaka. Mutane kan warware da ajiye mabuɗin kansu, amma ka ga mun koma gidan jiya. Ka sa sakin a fayil ɗaya da release-please, yana fitar da `release_created`, aikin gini ya duba shi kafin ya tashi. Ka tabbata sunan fayil ɗin shi ne wanda ka rubuta a PyPI, kuma ka gyara sharaɗin muhallin, tunda yanzu daga babban reshe aikin ke tashi ba daga tag ba.

Dattijon_Unix:
Ko kuma ka bar release-please ɗin, ɗana. Kai kaɗai ne, sau nawa kake saki a shekara? Ka rubuta jerin canje-canjenka da hannu, masu amfani sun fi gane maganar mutum. `git tag -s v1.8.0`, ka tura, sauran na na'ura.

Mai_Ƙunshi:
Baba, shawararka na ɗauka, sau biyar ko shida ne a shekara. Yanzu ga yadda yake: in tura tag, aikin farko ya gina a wuri mai tsabta, ya yi `twine check`, ya saka wheel ɗin a sabon muhalli, ya fita daga babban fayil ɗin rumbun sannan ya gudanar da gwaji, don kada Python ya ɗauko na gefensa ya rufe min ido kamar ranar Talata. Ya buga jerin fayiloli. Aiki na biyu ya tsaya a `pypi` yana jirana. Don in tabbatar, na koma komit ɗin da ya ba ni kunya, na ɗora masa sabon fayil ɗin aikin, na sa tag na gwaji. Ya faɗi a matakin `import`, jan rubutu, bai kai ko bakin ƙofa ba. Na daɗe ina kallon allon.

Da safiyar nan na saki 1.8.0 ta sabuwar hanya. Na karanta jerin, fayil 23, na danna.

Malam_Tsaro:
Madalla. Saura abu ɗaya, kuma kada ka kwana ba ka yi ba. Ban ƙarasa muku labarin Ultralytics ba: bayan an gano na farko, an sake tura wasu gurɓatattun sigogi biyu, wannan karon kai tsaye, da tsohon mabuɗin PyPI da ba a soke ba tun da suka koma sabon tsari. Naka na `.pypirc` yana nan da ransa. Shiga saitin asusunka ka soke shi, ka goge fayil ɗin, ka duba sirrin rumbun ko ka taɓa manna shi a can.

Mai_Ƙunshi:
Na shiga yanzu. Biyu na tarar, Malam. Ɗaya na ƙunshin, ɗaya kuma na asusun gaba ɗaya da na buɗe ranar turawar farko na manta da shi. Na soke duka.

Hajiyar_Rust:
Lambobin ceto na shiga mai mataki biyu fa, ka san inda ka ajiye su? Tun farkon 2024 PyPI ya wajabta wa kowa, kuma yanzu da ba ka da mabuɗi, in wayarka ta ɓace su ne hanyarka ta komawa saitin.

Mai_Ƙunshi:
Suna cikin wayar, Anti. Bari in nemo takarda.